Limita a lens ɗin makro: na kunna shi, fokas ya ƙi kamawa

Ɗan Mazari ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu ɗaukar hoto. Ina neman a wayar mini da kai a kan wani ɗan maɓalli da ke jikin lens ɗina na makro, wato na ɗaukar ƙananan abubuwa daga kusa, don ya hana ni sakat tun makon jiya.

Wata uku ke nan da na mallaki lens ɗin, 100mm f/2.8, kuma ƙwari ne suka sa na dage sai da na same shi. Tun ina yaro nakan tsugunna gaban fure in yi rabin awa ina kallon ƙudan zuma yana cusa kai yana fitowa, garin fure ya dunƙule a ƙafafunsa na baya. Burina ke nan: in ɗauki wannan dunƙulen mai ruwan ɗorawa ya fito tas, har a iya ƙirga gashin ƙafar da yake maƙale a kai.

A gefen lens ɗin akwai maɓallai uku. Na san biyu, ɗaya na zaɓar AF (inji ya yi fokas da kansa) ko MF (a juya zoben fokas da hannu) ne, ɗayan na rage girgizar hannu. Na ukun ne matsalar. Yana da matsaya uku, an rubuta FULL, sai 0.5m–∞ (daga rabin mita har nesa mara iyaka), sai 0.3m–0.5m. Tun da lens ɗin ya zo hannuna a kan FULL yake, ban taɓa shi ba. Abin da ke faruwa a kan FULL ɗin kuwa shi ne, da zarar fokas ya kuskure wa ƙwaron sai ya zarce can baya ya kama ganye, ko ya tafi har ƙurewa ya dawo. Komai ya koma dishi-dishi a idona, ina jin injin yana 'yar ƙararsa, kafin ya gama safa da marwa zuman ya tashi ya bar ni da fure. Ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba.

Sai wani ya ce mini ai wannan maɓallin limita ne, an yi shi ne don maganin wannan kai-kawon, in sa shi a 0.3m–0.5m tunda aikin kusa nake yi. Ranar Asabar da sassafe, raɓa ba ta bushe ba, na ci karo da wani jan mazari a kan busasshen kara, ya shimfiɗa fikafikansa yana jiran rana. Na mayar da maɓallin kan 0.3m–0.5m, na lallaɓa a hankali har na kiyasta tsakanin bakin lens da shi bai kai kamu ɗaya ba, kamar santimita 40. Na danna shata rabi. Fokas ya ɗan motsa ya tsaya cak, mazarin yana nan biji-biji, ɗan akwatin fokas ya ƙi yin koren da ke nuna ya kama. Na saki na sake dannawa ya fi sau shida. Mazarin nan ya yi mini haƙuri kusan minti biyu, wallahi ko motsi bai yi ba. Da na gaji na mayar FULL, nan take ya kama, amma a daidai lokacin da na ɗago hannu daga maɓallin ya ga motsina, hoto ɗaya kawai na samu ya tashi.

Abin da ya ɗaure mini kai, santimita 40 ai tsakanin 30 da 50 take. To me ya hana shi kamawa? Lens ɗin ne yake da matsala tun ina iya mayar da shi? Sannan ina so in san gaskiyar aikin limitan nan. Yana ƙara wa hoto kaifi ne, ko yana sa lens ya ƙara matsowa kusa, ko kuwa sauri kawai yake ƙarawa? Duk wanda ya san kan abin ya taimaka, Allah ya saka da alheri.

Malam Iro ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, lens ɗinka lafiyarsa ƙalau. Abin da ka sa shi ya yi shi ya yi. Inda aka samu saɓani shi ne wurin da ka fara awo.

Lambobin da ke jikin lens, na limita da na 'yar tagar da ke nuna tazara, ba daga bakin gilashi ake ƙirga su ba. Daga sensa ake ƙirgawa, wato can cikin kyamara inda hoton ke sauka. Ɗauko kyamararka ka duba samanta da kyau, galibi kusa da inda ake ɗora filasha ko gefen ƙaramin allo. Za ka ga wata 'yar alama, da'ira ce ƙarama da layi ya ratsa ta. Wannan layin shi ne daidai inda sensa take. Daga nan awo yake farawa.

Bari in buga maka misali da lens ɗin da na san awonsa, Canon EF 100mm f/2.8L Macro da ya fito a 2009, shi ma matsaya ukun nan gare shi. Tsawonsa milimita 123. Daga inda ake ɗaura lens a jikin kyamara zuwa sensa kuma milimita 44 ne a tsarin EF. Ka haɗa su, kusan santimita 17 ke nan sun tafi tun kafin ka fito daga bakin gilashi. Ke nan 0.3m ɗin da aka rubuta, a zahiri santimita 13 ne daga bakin lens zuwa ƙwaro. 0.5m ɗin kuma santimita 33 ne. Kai kuwa ka tsaya a santimita 40 daga baki, wanda ya kama kusan 57 daga sensa. Ka wuce katangar da santimita 7. Fokas ya tafi har iyakar da ka shata masa, ya tarar mazarin yana can gaba, ba shi da izinin ƙarasawa, sai ya tsaya. Da ka ƙara matsowa da faɗin tafin hannu guda, da ya kama. In kana sa rumfar lens, wadda ke tare hasken gefe, ka tuna ita ma tana cin nata rabon daga cikin 13 ɗin nan, shi ya sa da yawa suke cire ta in za su matsa sosai, don kada ta bugi ganye ko ta yi wa ƙwaron inuwa.

Sai batun ko yana ƙara kaifi ko kusanci. Ko kaɗan. Ba ya taɓa gilashi, ba ya canza komai a hoton. Abin da kawai yake yi shi ne ya gaya wa injin inda ba zai je nema ba. Amma kada ka raina wannan, don a lens ɗin makro hanyar da injin ke bi doguwa ce ƙwarai, ta fi ta sauran lens nesa ba kusa ba.

Ka ɗauki lens mai sauƙi na 100mm, irin wanda duk gilasansa suke tafiya tare gaba da baya. In yana kallon dutse can nesa, gilashin yana mazauninsa. In zai dawo kan mutum a tazarar mita 3, zai fito da milimita 3 da rabi ne kacal. A mita 1, kusan milimita 13. A rabin mita, milimita 38. Amma kafin ya kai 1:1, inda ƙwaro zai sauka a kan sensa da ainihin girmansa, sai ya fito da milimita 100 cif, kuma a irin wannan lens ɗin hakan na faruwa ne a santimita 40. Ka duba wannan da kyau. Daga ƙarshen duniya zuwa rabin mita, tafiyar milimita 38 ce. Daga santimita 50 zuwa 40, ɗan wurin da bai kai tsawon alƙalami ba, tafiyar milimita 62. Fiye da rabin hanyar yana cikin ɗan lungun nan.

Lens ɗin yanzu irin naka ba ya miƙewa waje, wasu gilasai ne ke motsi a ciki, shi ya sa yake kai 1:1 a santimita 30. Amma yanayin abin bai canza ba. In kana so ka gani da idonka, mayar da shi MF ka juya zoben a hankali kana kallon tagar tazara. Za ka ga ∞ da 3 da 1 sun cunkushe wuri guda kamar an matse su, sannan tsakanin 0.5 da 0.3 fili ne fetal, ka yi ta juyawa. Masu ƙera shi sun zaɓi rabin mita ne saboda a nan hanyar take rabuwa gida biyu masu ma'ana.

Ni dai ba na tafiya da tef, ga yadda nake ganewa. A rabin mita, lens na 100mm yana wajen 1:3. Faɗin sensa cikakkiya milimita 36 ne, ka ninka sau uku, kusan santimita 11. To in abin da ya cika mini hoto daga gefe zuwa gefe ya fi faɗin tafin hannuna da kaɗan, na san ina wajen katanga. In bai kai ba, ina ciki. In kyamararka mai ƙaramar sensa ce, irin APS-C, sai ka riƙe kamar santimita 7. Mazari da fikafikansa a buɗe da ɗan fili a gefe, kusan kullum a bakin iyakar nan yake faɗowa, shi ya sa ya zama shi ne ya fara kama ka.

Ɗan Mazari ya rubuta:

Allahu Akbar. Malam, na ga alamar. Tana nan gefen dama a saman kyamarar, shekara biyu ina riƙe da ita ban taɓa tambayar kaina ko ta mece ce ba.

Ban iya haƙuri ba, yanzun nan na ɗauko tef ɗin awo na shimfiɗa a kan tebur, na daidaita sifirinsa da layin alamar, na tsayar da akwatin ashana a gaba. A kan 0.3m–0.5m, a santimita 45 ya kama kafin in gama dannawa. A 49 ya kama. Na matsar da shi 55, sai ga abin ranar Asabar ya dawo sak, ya motsa ya tsaya. Na ji sanyi a raina sosai, don na kwana biyu ina tunanin na sayi abin da ya lalace.

Amma ga wani abu da na lura da shi a teburin. Da na matso da akwatin har wajen santimita 31, duk da limitan yana kunne, in kyamarar tana hannuna sai fokas ya riƙa ɗan rawa, ya kama rubutun ya saki, ya kama ya saki. Ba ya tafiya nesa kamar da, amma ba ya zama. Shi kuma wannan fa?

Maman Hanifa ta rubuta:

Sannunku da ƙoƙari. Malam Iro ya gama magana a kan awo, ni ta ɗaya gefen zan shigo, don ni ba ƙwari nake ɗauka ba. Aikina hoton fuskar mutane ne da ƙananan kaya irin agogo da zobe, kuma lens ɗaya nake yi wa duka biyun.

Mutane suna ɗauka limita na masu aikin kusa ne kawai. A wurina matsayar nesa, 0.5m–∞, ita ce ta fi amfani. In ina ɗaukar mutum a tazarar mita 2 a ɗaki mai ƙarancin haske, ya juya kai, akwatin fokas ya faɗa kan bango fari fat wanda babu abin kamawa a jikinsa, to a kan FULL sai lens ya nufo kusa, ya shiga wannan doguwar hanyar da Malam ya kwatanta, ya je har ƙarshenta ya dawo. Daƙiƙa ɗaya ce ko biyu, amma murmushin yaro ba ya jiran daƙiƙa biyu. A kan 0.5m–∞ ko ya ɓata, ɓatan gajere ne, kafin ka ankara ya dawo.

Abin da nake so in ja kunnenka a kai, ƙanena, shi ne mantuwa. Akwai ranar da na gama ɗaukar fuskoki, na juya kan wani agogon hannu da ake so a ga rubutun cikinsa. Na kafa kyamara a kan mai ƙafa uku, na gyara fitilu, na danna, shiru. Na cire lens na goge wuraren da yake haɗuwa da kyamara, na cire batir na mayar, gabana yana ta faɗuwa ga mai kaya a tsaye yana kallona. Sai da na kusa minti goma kafin yatsana ya taɓa maɓallin na tuna a nesa na bar shi. Kyamara ba za ta gaya maka limita ne ya tare ta ba, shiru kawai za ta yi. Tun daga ranar, ba na sa lens ɗin a jaka sai na mayar da shi FULL, kuma duk lokacin da fokas ya ƙi, nan nake fara kai hannu kafin komai.

Sannan in kana karanta shawarar wani, ka fara tambaya wane lens ke hannunsa, don ba duka suka zo iri ɗaya ba. Nikon AF-S 105mm f/2.8 VR na 2006 matsaya biyu kawai gare shi, FULL da ∞–0.5m, babu ta kusa sam. Da suka fito da na Z MC 105mm a 2021 sai suka juya abin, ya zama FULL da 0.29m–0.5m, babu ta nesa. Sony FE 90mm yana da uku kamar naka, ta kusan daga 0.28m take farawa. Sigma 105mm mai OS, wato mai rage girgiza, kuwa a 0.45m ya kafa tasa katangar. Ka ga in mai na 2006 ɗin ya ce maka a kashe limita in za a yi makro, gaskiya ya faɗa a kan nasa, amma bai shafi naka ba.

Baba Tanko ya rubuta:

Ɗana, rawar da ka gani a santimita 31 ba lens ba ne yake rawa, kai ne. Kuma babu limitan da zai yi maganinta.

Na fara ɗaukar ƙwari tun zamanin fim, lokacin da babu injin da zai juya maka zobe, don haka ka yi mini uzuri in na ɗan saɓa wa 'yan'uwana. A 1:1, zurfin wurin da ke fitowa tas siriri ne fiye da yadda kake zato. A sensa cikakkiya, in ka rage ƙofar shigar haske zuwa f/8, kusan milimita 1 ne gaba ɗaya. In ka buɗe f/2.8 bai fi sulusin milimita ba. Numfashinka kaɗai yana kai ka gaba da baya fiye da haka. Bugun zuciyarka ma yana isa hannunka. Ga iska tana kaɗa furen, ga zuman yana nasa motsin. Injin ya kama, ka gusa, ya sake kamawa, furen ya gusa. Abin da ka gani ke nan a kan tebur, kuma a can akwatin ashana ne da ba ya motsi.

Ga kuma haske. Duk yadda ka matsa, hasken da ke isa sensa raguwa yake yi. A lissafi, a 1:1 rubu'in hasken ne kawai ke isa, wato f/2.8 ɗinka yana aiki ne kamar f/5.6. Masu kyamarar Nikon suna ganin wannan da idonsu, don ita tana nuna ainihin lambar, 105mm ɗin da Maman Hanifa ta ambata na 2006 yana komawa f/4.8 in an kai ƙarshen kusanci. Wasu kyamarorin suna ci gaba da rubuta 2.8, amma hasken ya riga ya tafi. Injin fokas da haske yake gani, ke nan a daidai inda aikin ya fi tsanani a nan idonsa ya fi rauni.

Abin da nake yi, kuma shi na koya wa duk wanda ya zauna da ni: ka mayar MF. Ka juya zoben ka tsayar da shi a girman da kake so, 1:1 ko 1:1.5, ka cire hannunka daga kansa. Ka manna gwiwoyin hannunka a ƙirji, ko ka dafa gwiwa ɗaya a ƙasa. Sai ka riƙa tafiya gaba da jikinka gaba ɗaya, a hankali kamar mai leƙa rijiya. Za ka ga kaifin yana tafiya a jikin ƙwaron, ya fara daga gashin bakinsa, ya hau goshi, ya iso ido. Da ya iso ido ka danna, kana cikin tafiyar, kada ka tsaya. Ka ja baya ka sake. A cikin goma wataƙila biyu su yi, kuma biyun nan sun ishe ka.

A irin lens ɗinka, limita injin kawai yake tarewa, zoben hannu yana zuwa ko'ina. Na da kuwa, irin masu LIMIT da FULL kawai, ƙarfe ne yake tokare zoben da gaske, kuma ɓangaren da zai kulle ka ya danganta da inda zoben yake lokacin da ka murɗa shi. In yana kusa ya tsare ka a kusa, in yana nesa ya tsare ka a nesa. Har yau ina da ɗaya, ina jin ƙarar tokarewar a yatsuna.

Abu na ƙarshe. Ranar da ka ɗaura gilashin ƙarin kusanci a bakin lens, ko zoben ƙarin tsawo tsakaninsa da kyamara, ka manta da lambobin nan, sun daina faɗin gaskiya. Raynox DCR-250 alal misali ƙarfinsa +8 ne, da ka ɗaura shi, ∞ ɗin lens ɗinka ya dawo santimita 12 da rabi daga gilashin. A nan sai ka bar shi a FULL ka yi aiki da hannu.

Malam Iro ya rubuta:

Baba ya faɗi gaskiya a kan 1:1, ba ni da ja. Amma Baba, a yi mini afuwa, ina ganin kada mu sa yaron nan ya ajiye injin gaba ɗaya, don yawancin hoton da zai ɗauka ba a 1:1 zai kasance ba. Ƙudan zuma ma'aikaci tsawonsa bai fi santimita ɗaya da rabi ba. In ana so a gan shi shi da furen da yake kai, a 1:2 ko 1:2.5 za a tsaya, wajen santimita 38 zuwa 45 daga sensa. A nan zurfin ya ɗan ƙaru, a 1:2 da f/8 ya kai kusan milimita 3, haske ma bai ragu sosai ba. Kuma zuma ba ya zama, daƙiƙa biyu uku ya koma wani furen. Wannan shi ne ainihin gidan 0.3m–0.5m. Ka sa fokas mai bin motsi, wanda wasu ke kira AF-C wasu Servo, ka zaɓi ɗan ƙaramin akwati guda, ka kunna limitan. Babbar ribar ita ce bayan furen. Ganyen da ke can mita ɗaya a baya ya fita daga lissafi, ko akwatin ya zame daga jikin zuman lens ba zai bi shi can ba, yana nan kusa yana jiranka.

Inda limitan yake cutarwa shi ne masu zama a bakin iyaka, mazari da malam-buɗe-littafi da ƙananan ƙadangaru. Kana fara ɗaukarsu daga nesa, santimita 80, don ka samu ko da ɗaya kafin su tashi, sannan ka riƙa matsowa taku-taku har 40. Katangar tana tsakiyar tafiyarka, kuma ka ga da kanka abin da ɗaga hannu zuwa maɓalli ya jawo maka ranar Asabar. Ga waɗannan ni FULL nake bari, amma kafin in danna sai in juya zoben da hannu in kawo shi kusa da daidai. In injin ya tarar da abu ya riga ya fara fitowa, ba ya zuwa yawo, ƙarasawa kawai yake yi. Yawon yana farawa ne in ya buɗe ido ya ga komai ya narke bai san ta ina zai nufa ba.

Wasu kyamarori, kamar Olympus E-M1 Mark II da wasu na Fujifilm, suna da limita a cikin saitinsu, kai za ka rubuta farko da ƙarshe da kanka, ka ce daga 0.4 zuwa mita 1 misali. Duba littafin taka ko tana da shi, don shi ne maganin mazari.

Ɗan Mazari ya rubuta:

Baba, Malam, Anti Maman Hanifa, Allah ya ƙara ilimi ya saka muku da mafificin alheri. Na dawo da rahoto.

Na auna jikina tukuna. Daga gwiwar hannuna zuwa dunƙulen hannuna santimita 34 ne, kusan daidai da 33 ɗin da Malam ya lissafa daga bakin lens. Yanzu idona ya riƙe wannan tsawon, ina kallon fure na san ko ina ciki ko ina waje.

Yau da safe na zauna gaban furanni wajen awa ɗaya da rabi. Na cire rumfar, na sa 0.3m–0.5m da fokas mai bin motsi, f/8. Bambancin a bayyane yake. Sau da yawa akwatin ya zame daga jikin zuman, amma hoton bai taɓa narkewa gaba ɗaya ba, ɗan laushi kawai yake yi ya dawo, ina ganin ƙwaron a idona koyaushe. Wannan kaɗai ya canza mini komai, don da in ya narke har rasa inda zuman yake nake yi.

Da wani ya daɗe a fure ɗaya, ya cusa kai ciki ya bar ƙafafun baya a waje, sai na tuna Baba. Na tura maɓallin MF da babban yatsa ba tare da na ɗago ba, na juya zoben har ƙarshe, na dafa gwiwa, na tafi gaba a hankali. Na ga abin da kuka ce da idona, Baba. Kaifin ya fara daga gefen furen, ya hau kan fiffike, ya sauko kan ƙafar, sai ga dunƙulen garin nan ya fito ɓaro-ɓaro, ashe ba sumul yake ba, ƙwaya-ƙwaya ne, ga gashi sun rungume shi ta gefe biyu. Na danna sau bakwai. Biyar sun tafi a banza, ɗaya ya kama fiffiken, ɗaya kuma ya sauka a kan ƙafar daidai.

Sai dai a wannan ɗayan ma, da na buɗe shi a kwamfuta, akwai ɗan jan motsi a gashin, don shata ta sauka zuwa 1/60 saboda raguwar hasken da Baba ya yi bayani. Ina da ƙaramar filasha da ban taɓa ɗaurawa ba, ina tsoron ta ƙona launin furen ta sa bayan ya yi baƙi ƙirin. Baba, da me kuke tausasa haskenta in kuna wannan kusancin, kuma ta wane gefe ya kamata ya faɗo?